Last.fm: Sharhi Kan Shafin Da Ke Rubuta Duk Waƙar Da Ka Saurara

Duk inda masu sha'awar kiɗa da waƙa suka haɗu, da wuya hira ta yi nisa wani bai jefo tambayar nan ba: me kake saurare a 'yan kwanakin nan? Tambayar ba ta da wuyar yi, amma amsar da ake bayarwa ba kasafai take cika gaskiya ba, domin ƙwaƙwalwa tana da son zuciya a wannan fanni. Mutum yakan ambaci albam ɗin da ya ji sau ɗaya ya burge shi, musamman idan yana ganin ambatonsa zai sa a ɗauke shi masani, ya tsallake waƙar da ta manne masa tun safe har dare tsawon mako guda. Last.fm shafi ne na intanet, yana kuma da manhajar waya, wanda ke karɓe wannan aiki daga hannun ƙwaƙwalwa. Yana rubuta sunan kowace waƙa da ka saurara, da sunan mawaƙin, da ranar, da lokacin, sannan ya tara su a shafinka inda kai da duk wanda ya san sunan asusunka za ku iya gani. A ganina babu wata hidima da ta kama ƙafarsa wajen wannan rubutu, amma wanda ya zo masa da niyyar samun dandalin hira zai tarar cewa hirar ta daɗe da yin ƙaura zuwa wasu wurare, shi kuma an bar shi da aikin magatakarda.

Asalinsa ayyuka biyu ne da suka taso a Ingila a shekarar 2002. Na farko shi ne Audioscrobbler, wanda Richard Jones ya fara lokacin yana karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Southampton, kuma aikinsa shi ne tattara bayanin abin da mutane ke saurare a kwamfutocinsu domin a gano waɗanda kunnensu ya zo ɗaya. Na biyu shi ne Last.fm ɗin kansa, gidan rediyon intanet da wasu matasa 'yan Jamus da Ostiriya suka kafa a Landan, cikinsu har da Felix Miller da Martin Stiksel. An haɗe ayyukan biyu a 2005, kuma a 2007 kamfanin CBS na Amurka ya saye shi a kan dala miliyan 280. A watan Afrilu na 2014 aka rufe ɓangaren rediyon, tun daga lokacin kuma shafin ba ya watsa waƙa da kansa. Idan ka latsa alamar kunnawa a kan wata waƙa, daga YouTube ko Spotify za ta fito. Wannan tarihi yana da amfani ga mai son fahimtar shafin a yau, domin abin da ya rage a tsaye shi ne aikin ɗalibin nan, wato ƙidayar sauraro, sauran gine-ginen da aka ɗora a kai kuwa wasu sun rushe, wasu sun tsufa.

Kowane sauraro da aka rubuta ana kiransa sikirobul, kuma yana da sharuɗɗa biyu da ya kamata a sani tun farko. Dole waƙar ta wuce daƙiƙa 30 a tsawonta, kuma dole a saurari rabinta ko minti huɗu daga cikinta, duk wanda ya riga cika. Wanda ya taɓa waƙa ya tsallake ta bayan baiti ɗaya, ba za a rubuta masa komai ba. Waɗannan rubuce-rubucen ne ake tarawa a fitar da jadawalin mawaƙan da ka fi saurare, da albam-albam, da waƙoƙi, kuma kana iya duba na kwana 7, ko 30, ko 90, ko 180, ko 365, ko kuma tun daga ranar da ka buɗe asusu.

Haɗa shi da wurin da kake sauraron waƙa shi ne mataki na farko, kuma sauƙinsa ya danganta da wurin. Mai amfani da Spotify ya fi kowa hutawa, domin sau ɗaya zai ba da izini a cikin saitunan Last.fm, daga nan kuma duk abin da ya saurara a waya ko kwamfuta ko talabijin zai riƙa shiga da kansa ba tare da ya sake waiwayar saitin ba. Deezer da Tidal su ma suna da hanyar haɗi a cikinsu. Mai sauraro a YouTube ta kwamfuta sai ya ɗora wa burauzarsa wani ƙari mai suna Web Scrobbler, mai Apple Music kuma yana bukatar wata manhaja a tsakani. A wayoyin Android akwai manhajar Last.fm ta asali, akwai kuma na wasu masu zaman kansu irin su Pano Scrobbler, waɗanda ke karanta sanarwar da na'urar kunna waƙa ke nunawa a saman allo su tura sunan. Ta wannan hanya har fayilolin da ke ajiye a cikin waya suna shiga lissafi, kuma da yake rubutu kawai ake turawa, datar da ake ci ba ta taka kara ta karya ba. Idan babu intanet, manhajojin suna riƙe jerin har a samu hanya, sai dai shafin ba ya karɓar sauraron da ya wuce kwana 14 da yi. Wannan ƙa'ida tana nufin cewa shekarun da ka shafe kana sauraro kafin ka buɗe asusu sun tafi ke nan, littafin daga ranar farko yake farawa. Wani abin lura kuma shi ne, wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage domin tattalin batir, don haka sai an cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa, in ba haka ba za a riƙa samun giɓi a jerin.

A makon farko shafin mutum ba ya ba da sha'awa, 'yan sunaye ne kawai a jere. Daɗinsa sai an daɗe. Bayan wata shida ko shekara, jerin yakan fara nuna wa mai shi abubuwan da bai lura da su ba a kansa: mawaƙin da yake rantsuwa shi ne gwaninsa yana can ƙasa a lamba ta goma sha wani abu, wanda bai taɓa ambata a gaban mutane ba kuma yana zaune daram a sama. Kana iya zaɓar wata rana ta shekarar da ta wuce ka ga abin da ya shiga kunnenka tun daga wayewar gari har kwanciya, waƙa bayan waƙa da lokacin kowacce, kuma sau da yawa jerin kaɗai ya isa ya tuna maka halin da kake ciki a ranar. Kana iya buɗe shafin wani mawaƙi ka ga ranar da ka fara jin sa, da watannin da ka dulmiya a cikin waƙoƙinsa, da lokacin da ka yi watsi da shi ba tare da ka sani ba. Rahoton mako-mako yana ƙara wasu bayanai, kamar sababbin mawaƙan da ka gano a makon da sa'o'in da ka fi yawan sauraro. Babban abin da ya bambanta shi da kowace manhajar sauraro shi ne, littafin ba na kamfanin da ke ba ka waƙa ba ne. Idan ka bar wannan manhaja ka koma waccan, tarihinka yana nan a wuri ɗaya, sabon sauraro ya ɗora a kan tsoho.

Ta fuskar raba abin da ake saurare da wasu, kayan aikin da shafin ya tanada suna da kyau a tsarinsu. A saman shafin kowa akwai waƙar da yake ji a daidai wannan lokaci, tare da alamar da ke nuna tana kan kunnawa. Idan ka ziyarci shafin wani, za a gaya maka matsayin dacewar kunnenku, daga ƙasa ƙwarai har zuwa ƙololuwa, a kuma ambaci wasu daga mawaƙan da kuka yi tarayya a kansu. Akwai jerin maƙwabta, wato mutanen da ba ka sani ba amma sauraronsu ya yi kama da naka, kuma leƙa shafukansu na daga cikin hanyoyin da na fi samun sababbin waƙoƙi, domin mutumin da ya yarda da kai a kan mawaƙa tara, akwai alamar na gomansa zai yi maka. Kana iya sa wa waƙa alamar ƙauna, kana iya kafa guda ɗaya a saman shafinka a matsayin wadda ta kama ka a yanzu, kuma a shafin kowane mawaƙi ana nuna maka waɗanda suka fi kowa sauraronsa da kuma waɗanda ka sani a cikinsu.

Irin tasirin da wannan ke yi wa hira sai an gani. Wani abokina da muke bin juna a shafin ya taɓa aiko mini da saƙo da hantsi, ya ce: “Malam, lafiya kuwa? Na ga jiya tun bayan sha biyun dare waƙa ɗaya kake ta maimaitawa.” Na ce masa lafiya lau, wani wuri ne a tsakiyarta, inda kiɗan ke janyewa a bar muryar ita kaɗai, shi nake ta komawa in ji. Bai san waƙar ba, ya nemo ta ya saurara, ya dawo yana cewa shi ba wurin ne ya kama shi ba, ganga ce da ke shigowa a makare bayan amshi na biyu. Muka shafe yinin muna musu a kan abin da bai kai daƙiƙa ashirin ba. Da tambayata ya yi kai tsaye abin da nake ji, da wani albam mai nauyi zan ambata masa, mu yi 'yar magana ta sama-sama mu wuce. Shafin ya ba shi abin da ba zan ba shi da bakina ba, kuma daga nan hira ta ainihi ta taso. Amma a lura cewa ba a Last.fm aka yi hirar ba, a manhajar saƙo aka yi ta, shi dai ya ba da dalili ne kawai.

Nan ne raunin shafin ya fi fitowa. Kowane shafi, na mutum ne ko na mawaƙi ko na albam ko na waƙa, yana da akwatin da ake barin gajeren saƙo, amma abin da aka fi samu a ciki yabo ne na kalma uku, ko barkwanci, ko gardamar masoya da maƙiya, kuma a shafukan mawaƙan da ba su shahara ba saƙo na ƙarshe yakan kasance na shekarun baya. A da akwai ƙungiyoyi, inda masu son salo ɗaya ke taruwa su yi doguwar tattaunawa har da jadawalinsu na haɗin gwiwa, amma sauyin fasalin da aka yi wa shafin a 2015 ya tafi da su, ya kuma mayar da tsarin abota zuwa tsarin bi da mabiya. Tsofaffin masu amfani da shafin sun yi ƙorafi sosai a lokacin, kuma ina ganin suna da hujja, domin an cire ɗakin zama an bar allon sanarwa. Abin da ya cece shi shi ne, tun da daɗewa ya buɗe ƙofar bayanansa ga masu haɗa manhaja, saboda haka wasu suka gina abin da shi ya bari. A manhajar hira ta Discord akwai wani mutum-mutumi mai suna .fmbot da ke ɗauko waƙar da kake ji ya ajiye a tsakiyar hira, ya kuma faɗi wanda ya fi kowa sauraron mawaƙin a cikin 'yan zauren, abin da ke haddasa gasa da tsokana iri-iri. Akwai kuma shafukan da ke haɗa hotunan bangon albam tara ko ashirin da biyar da ka fi ji a mako su zama hoto ɗaya, wanda mutane ke sakawa a X ko Instagram ko zaurukan WhatsApp da Telegram. Wannan hoto mai gida tara ya zama wata al'ada ta masu sauraro: kowa ya saka nasa, wani ya tambayi wane ne na tsakiya, wani ya yi tsiya a kan na kusurwa, kafin a ankara an yi musayar sunaye goma.

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda ke cikin ƙidayar kanta, kuma ita ce na fi son mai karatu ya riƙe. Shafin yana ƙirga yawan waƙoƙi ne, ba ya auna lokacin da aka ɓata. Wanda ya yi awa guda yana jin waƙoƙi masu minti uku-uku ya samu sikirobul 20, wanda kuma ya yi awa gudan yana jin waƙoƙi masu minti ashirin-ashirin ya samu 3 kacal. Idan mutum ɗaya ne ke jin nau'o'in biyu, jadawalinsa zai nuna cewa mai gajerun waƙoƙi ya ninka ɗayan kusan sau bakwai a zuciyarsa, alhali lokaci ɗaya ya ba su. Duk mai son dogayen waƙoƙin gargajiya, ko kiɗan gargajiyar Turai, ko na Indiya, ko jaz, ko wasan da aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a, wannan lissafi yana tauye masa gwanayensa. Haka kuma waƙa mai minti arba'in tana shiga littafi da zarar an kai minti huɗu, saboda haka babu bambanci tsakanin wanda ya zauna ya ji ta har ƙarshe da wanda ya ɗanɗana ya tashi. Wasu shafuka na waje suna sake lissafin da mintuna, amma jadawalin da kowa ke gani a shafinka yana nan a kan ƙidayar kai.

Ƙidayar kuma ba ta san niyya ba. Kiɗan da aka kunna don ya rufe hayaniya lokacin aiki, da wanda barci ya ɗauke mutum ya bar shi yana yi har asuba, da wanda yara suka karɓi waya suka yi ta maimaitawa, duk daidai suke a wurinta da waƙar da aka saurara da dukkan hankali. Ana iya goge irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, amma aiki ne. A ɗaya gefen kuma akwai masu wasa da tsarin da gangan, waɗanda ke barin waƙar gwaninsu tana juyawa dare da rana ba tare da sauti ba domin sunansu ya hau saman jerin masu sauraro, ta yadda idan ka ga wani da adadin da ko lissafin sa'o'in rana ba zai ɗauka ba, ka san ba kunne ne ya yi aikin ba. Abin da ya fi waɗannan wuyar ganewa shi ne yadda shafin ke sauya halin mai gaskiya ma. Da zarar mutum ya san ana gani, sai ya fara tunanin yadda hotonsa na mako zai fito, ya ƙara wa wani albam zagaye ɗaya don ya shiga cikin tara, ya kauce wa wata waƙa don kada a yi masa dariya. Shafin da amfaninsa shi ne faɗin gaskiya yana iya koya wa mutum yin ado, kuma babu wani saiti da ke maganin wannan sai dai mutum ya yanke shawarar ƙyale littafin ya rubuta abin da ya gani.

Matsala ta gaba ita ce ta sunaye. Last.fm ya dogara ne kacokan da rubutun da aka turo masa, don haka idan mawaƙa biyu ko biyar suna da suna ɗaya, shafi ɗaya suke tarayya a kai, hotunansu a cakuɗe, tarihinsu a jere ɗaya bayan ɗaya, masu sauraronsu a haɗe. Akasin haka ma yana faruwa, inda mawaƙi ɗaya ke rarrabuwa gida uku saboda bambancin rubutu. Sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, wani ya rubuta da lanƙwasa, wani ya rubuta babu, wani ya haɗa da laƙabin mawaƙin, kowanne sai ya zama mutum dabam a lissafi. Waƙar da aka sake fitarwa da ƙarin bayani a jikin sunanta, kamar shekarar da aka gyara sautinta, takan rabu da ta asali, haka ma wadda mawaƙa biyu suka yi tare idan wata manhaja ta haɗa sunayensu a layi ɗaya wata kuma ta raba. Mafi muni su ne fayilolin da suka yi yawo daga waya zuwa waya, waɗanda a gurbin sunan mawaƙi za ka ga adireshin shafin da aka sauke su, a gurbin albam kuma lambar wayar wani ko kalmar da ke nufin ba a sani ba. Idan aka bar su haka, sai ka wayi gari wani shafin sauke waƙoƙi ne gwaninka na shekara. Akwai tsarin gyaran rubutu na kai tsaye, kuma yana aiki sosai ga mawaƙan da suka shahara, amma ƙarfinsa yana raguwa daidai da raguwar masu sauraron mawaƙi a shafin.

Wannan bambanci tsakanin mai jama'a da marar jama'a yana bin shafin ko'ina. Jerin mawaƙa masu kama da juna, wanda shi ne tushen shawarwarin da ake ba ka, ana fitar da shi ne daga abin da mutane ke saurare tare, saboda haka inda masu sauraro suka yi yawa yakan yi daidai har ya ba da mamaki, inda suka yi kaɗan kuma sai ya haɗa mutanen da babu abin da ya gama su sai ƙasa ɗaya ko nahiya ɗaya. Laƙabobin salo ma masu amfani ne ke sakawa, shi ya sa za ka ga wani ƙaramin reshe na kiɗan rok an raba shi gida-gida da sunaye masu tsawo, alhali kiɗan al'ummomi da dama an tattara shi ƙarƙashin laƙabi ɗaya na kiɗan duniya. Tarihin mawaƙa da hotunansu su ma jama'a ne ke rubutawa da ɗorawa, kuma wannan yana da gefe mai kyau, domin duk wanda ya ga shafin gwaninsa babu komai yana da damar cike shi da kansa. Harsunan shafin sun haɗa da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da wasu kaɗan, babu Hausa kuma babu Larabci, ko da yake kalmomin da ake bukata don amfani da shi ba su da yawa.

Batun sirri ya cancanci a tsaya a kansa kafin a buɗe asusu. Shafin mutum a buɗe yake ga kowa tun daga farko, kuma jerin da ke ɗauke da lokuta yana faɗin abin da ya wuce waƙa: yana nuna lokacin da kake farke, da lokacin da kake hanya, da daren da ka kasa barci. Abin da ya ba abokina damar tambayata lafiya, shi ne zai ba wanda ba ka so damar sanin motsinka. A cikin saituna akwai wurin ɓoye sauraron kwanan nan, da wurin taƙaita masu iya bar maka saƙo, kuma babu tilas a yi amfani da sunan gaskiya. A 2012 an yi wa shafin kutse, har kamfanin ya nemi jama'a su sauya kalmomin sirrinsu, kuma a 2016 ta bayyana cewa asusu sama da miliyan 43 abin ya shafa. Shekaru sun ja tun lokacin, amma darasin amfani da kalmar sirri ta dabam ga kowane shafi yana nan.

Kusan duk abin da na bayyana kyauta ne, tare da tallace-tallace. Akwai tsarin biya mai suna Last.fm Pro wanda ke cire talla, ya ba da ƙarin rahotanni, ya ba da damar sauya sunan asusu, sannan, wanda shi ne mafi muhimmanci, ya ba da damar gyara sunan waƙa ko mawaƙi ko albam a cikin abin da aka riga aka rubuta, har a sa gyaran ya riƙa aiki da kansa a gaba. Ban ga laifin kamfani ya nemi kuɗin shiga ba, amma sanya gyaran kuskure a bayan biya yana da ɗan nauyi, tunda waɗanda suka fi bukatarsa su ne masu jin mawaƙan da tsarin bai sani ba. Fasalin shafin da na manhajar kuwa ba su da ƙyalƙyali, ja da fari ne da jerin sunaye, kuma manhajar waya ba ta kai shafin burauza cika ba.

Mai karatu zai iya cewa ai manhajojin sauraro suna yin wannan da kansu. Spotify yana fitar da Wrapped, wato taƙaitaccen rahoton abin da mutum ya saurara a shekara, tun 2016, Apple Music yana da Replay, YouTube Music yana da Recap, kuma babu shakka sun fi Last.fm kyan gani da sauƙin sakawa a shafukan sada zumunta. Sai dai Wrapped sau ɗaya yake zuwa, a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba tun shekarar ba ta ƙare ba, kuma kowannensu abin da aka ji a gidansa kawai ya sani. Blend na Spotify, wanda ya fito a 2021, yana haɗa wa mutane jerin waƙoƙi ɗaya daga sauraronsu, abu ne mai daɗi amma sai duka suna cikin manhaja ɗaya. Abokin gasar Last.fm na gaskiya shi ne ListenBrainz na gidauniyar MetaBrainz, wanda ba na kasuwanci ba ne, ba shi da talla, kuma ya fi ƙoƙarin bambance mawaƙa masu suna ɗaya saboda yana jingine da rumbun bayanai na MusicBrainz. Yana ma iya kwaso tarihinka daga Last.fm. Rauninsa shi ne ƙarancin jama'a, kuma a harkar da amfaninta ke cikin ganin abin da wasu ke ji, wannan ba ƙaramin rauni ba ne.

Wanda ke jin waƙa jefi-jefi, ko wanda Wrapped na ƙarshen shekara ya ishe shi, ba shi da bukatar Last.fm. Wanda kuma yake sauraro kullum, daga wurare fiye da ɗaya, yana da abokai biyu ko uku da suke musayar waƙoƙi, zai amfana ƙwarai, musamman idan suka buɗe asusu tare, domin shafin mutum ɗaya da babu mai leƙawa rabin amfaninsa ne kawai. Shawarata ita ce a fara da na kyauta, a gyara sunayen fayilolin da ke cikin waya kafin a kunna manhajar, a duba saitin sirri a ranar farko, sannan a ba shi aƙalla wata uku kafin a yanke masa hukunci. Tsarin biya kuwa a dakata da shi har sai kurakuran sunaye sun taru sun fara ɓata jadawalin, a biya na wata ɗaya a gyara su gaba ɗaya.